Taubashi, Motar Ba Ta da Laifi

Zuwa ga ɗan gwaggona, bawana na gado, Alhajin Abijan, mai mota marar kuloci. Ina gajiyar hanya? Ina kuma gajiyar tsayuwar rana? Kada ka wahalar da kanka wajen binciken wanda ya tsegunta mini. Kafin ka iso Tawa labarinka ya riga ka sauka Tebaram, har yaran da ke tallar ruwa a tasha sun fi ni sanin kansa da gindinsa.

An ce tun daga ranar kake zagaya garejin Tawa ɗaya bayan ɗaya, kana neman wanda zai gyara wa motarka hali, wai ta daina canza giya yadda ta ga dama in ta hangi tudu. Wani ya ce zai ja maka waya. Wani ya ce sai dai a kai ta Yamai a jona mata kwamfuta. Wani kuma, Allah ya shirye shi, ya ce a sauke bwat ɗin, wato akwatin giya, gaba ɗaya a dasa mata na hannu. Da na ji haka na ce a'a, ba a gabana ba. Gara in rubuto maka a fili kowa ya shaida, tun kafin ka ƙarar da ɗan abin da ka tara a Kodibuwa. Gwaggo ba ta da wani ɗa namiji sai kai, haka Allah ya jarrabe ta, don haka mu na gidan kawunninka dole mu riƙa sa ido.

Masu karatu ba su san mafari ba, bari in ba su. Taubashin nan nawa ya yi shekaru yana ci-rani a Abijan, kamar yadda samarin Adar suka saba tun zamanin iyayenmu. Da ya dawo sai ya yi abu biyun da Ba'adare ke yi in aljihu ya yi nauyi: ya kafa harsashin gidan siminti, ya kuma sayi mota. Motar ba ta banza ba ce. Prado ce ta ƙarshen shekarun 1990, katkat, mai giya huɗu masu canza kansu. Ta gama yayinta a Turai, ta hau jirgin ruwa zuwa Lome, tunda a lokacin iyakar Benin a rufe take tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, ta biyo ayari ta Burkina Faso, ta Kaya da Dori da Tera, ko ƙwarzane ba ta samu ba. Ashe jarrabawarta tana gaba, tana jiran ta a Tebaram cikin babbar riga.

Gini ya kai linta, siminti ya ƙare. Maimakon ka biya mai kamiyo kamar kowa, sai ka ce ai kai ma yanzu mai mota ne. Ka sa mai walda ya haɗa maka ƴar rimok da gindin wata matacciyar mota, taya biyu, ba birki, ba fitila, ka ƙulla ta a baya ka nufi Malbaza. Buhu 40 ka loda mata. Kowane buhu kilo 50, ko ɗan aji biyu ya san tan biyu ke nan. Ka ƙara buhu 10 a bayan kujera, ka ɗaure rodi a rufi, ka ɗauki abokanka biyu waɗanda kowannensu ya rinjayi buhu biyu a sikeli, ga yaron da ke wanke maka mota. In an haɗa da nauyin motar kanta, wajen tan biyu, da ƙarfen rimok, to tan biyar kake tafe da shi. Cikin watan Afrilu. Da tsakar rana. Da kilim a kunne, don kada zufa ta taɓa shaddar Alhaji.

Daga Malbaza zuwa Tsarnawa lafiya lau. Ka juya arewa, har Badagishiri kana yi wa motar kirari a gaban abokanka. Sai da aka fito daga fadama aka fara hawa zuwa fako, nan zance ya canza. Yaronka ne ya ba ni labarin da bakinsa, kuma yaro ne mai gaskiya, ba kai ya biyo ba. Ya ce sandar giya tana kan D tun daga Malbaza, hannunka bai ko kusance ta ba. Mota ta faɗo giya ta uku ta yi kuka, ta ɗan samu gudu ta koma ta huɗu, gudu ya mutu ta sake faɗowa, haka, haka, kowane canji da girgizarsa, kai kuwa sai ƙara danna totur kake kana faɗa da ita da Faransancin Abijan. Can sai wata fitila ta kama a gabanka, mai rubutun A/T OIL TEMP. Abokinka ya tambaya ta mece ce, ka ce ai ta saba yin haka. Ba a yi nisa ba inji ya shiga ihu mota ba ta gaba, wari ya cika ciki, kuka tsaya cik a tsakiyar hawa, rimok tana fizgar ku baya, yaro ya diro yana rarumar duwatsun da zai kara wa taya.

Abin da ka yi bayan tsayawar ma sai da na riƙe baki. Ka kashe inji nan take, alhali littafin motar, wanda ka ba mai ƙosai ta yi naɗi da shi, cewa ya yi a tsaya, a sa P, a bar inji yana juyi a hankali har fitilar ta mutu, don famfon da ke zagayawa da man giya sai inji na aiki yake aiki. Sannan ka tare wani mai kamiyo ka ce ya ɗaura maka igiya ya ja ka har Tawa. Allah ya taimake ka tsohon direba ne, irin waɗanda suka ci hanyar Tawa zuwa Arlit tun tana sabuwa. Bai tanka maka ba. Ya sa aka tada inji, ya ɗaga murfi, ya zaro sandar awon man giya, ya ɗiga a kan takardar buhun siminti, ya kai hanci. Man da aka sani ja garau ya koma ruwan ƙasa mai duhu, yana warin ƙuna. Ya dube ka, ya dubi rimok, ya ce, "Alhaji, mi ka aza ma wagga baiwar Allah? Wanga mai ya dahu." Ka fara yi masa bayanin cewa motar ce ba ta san hawa ba. Ya ce, "Ta san hawa. In na ja ta da igiya har Tawa inji kashe, bwat ɗin nan sai dai a auna shi a kilo." Ya ce a sauke kaya. Amalanken jakai na wani ƙauye da ke kusa suka yi ta jigilar siminti zuwa saman fako, buhu shida-shida, Alhajin Abijan na tsaye a rana riƙe da lema yana ƙirge. An ce abin da masu jakai suka karɓa ya kusa kuɗin kamiyon da ka ƙi biya.

To, zauna in karantar da kai, tunda tun daga aji uku ka tsere wa lakkwal.

A motar da aka saba gani, direba ne ke haɗa inji da giya da ƙafarsa ta hagu, faranti ya damƙi faranti. A taka babu wannan. Tsakanin inji da bwat akwai wata tukunyar ƙarfe a rufe ruf, cike da mai, a cikinta fanka biyu suna fuskantar juna. Inji yana juya ta farko, ita ta watsa mai da ƙarfi, man ya bugi ta biyu ya juya ta, ita kuma ta juya giya. Ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba, mai ne ke ɗauke da ƙarfin injin duka. Akwai wata ƙarama ta uku a tsakiya da ke karkato man ya sake bugu, shi ya sa wajen tashi daga tsaye tukunyar kan ninka ƙarfin juyin inji kusan sau biyu. Dabara ce mai kyau, kuma ta girme ka: Oldsmobile ta fito da mota mai canza giya da kanta a Amurka a samfurin 1940, Buick ta zo da irin wannan tukunya a 1948, shekara 12 kafin Nijar ta samu ƴancin kai.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Muddin fankar farko ta fi ta biyu gudu, wannan bambanci ba ya tafiya ko'ina, zafi yake komawa, kuma cikin man yake zama. Mota ba kaya a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, bambancin kaɗan ne, har ma akwai wani faranti da ke kulle fankokin biyu su juya tare in gudu ya daidaita, zafi ya ragu. Da ka danna totur a kan tudu da tan biyar, farantin nan ya saki, aiki duka ya koma kan mai. Lissafin ba wuya. A ce hawan yana tashi mita 6 cikin kowace mita 100. Ga mai tan biyar, ja ne na kilo 300 ke fizgar sa baya ba hutawa, ban da abin da taya da iska ke ci. Man nan kuwa zafin da yake so wajen digiri 80 ne. In ya wuce 120 sai ya shiga lalacewa da sauri, ya tsinke, robobin ciki su taurare, farantan da ke kama giya su fara zamewa. Kuma ka san inda yake zuwa ya huce? Cikin lagireto, ta wani ɗan bututu da ruwan inji ke kewaye da shi. Wato ruwan da shi kansa ke neman tafasa, a ranar da zafi ya haura digiri 40, ga kilim ɗinka a gabansa yana hura masa iska mai ɗumi, shi ka bar wa aikin sanyaya man giya.

Sai kai-da-kawowar da ta ba ka haushi. Giya ta huɗu a motarka ta gudu ce da tsimin mai: inji ya juya kusan uku, sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi ta juya huɗu. Ta uku ɗaya da ɗaya ce. A ta biyu inji ya yi juyi ɗaya da rabi kafin sanda ta yi ɗaya, a ta farko kusan uku. Kwamfutar motar kuwa abu biyu ta fi dubawa, gudun mota da yadda ka taka totur. Ba ta da ido a ƙeya, ba wanda ya gaya mata Alhaji ya ɗauro rabin Malbaza a baya. Ta ga gudu ya kai, ta hau ta huɗu kamar yadda aka koya mata; ta huɗu ta gaza, ta sauko. Kowane hawa da sauka farantai ne ke saki suna sake kamawa da nauyi a kansu, kowanne da rabon zafin da yake ƙarawa. Abin da ka umarce ta da ƙafarka shi ta yi ta yi har ta galabaita.

Jakin Kawu, wanda ka sha hawa kana yaro yana kayar da kai, in ya zo gindin jigawa da buhun hatsi ba ya jira a faɗa masa. Gajarta taku yake, ya riƙe takun nan har ya kai sama, bai taɓa gwada sukuwa a tsakiyar hawa ba. Haka ake so ka sa motarka ta yi, kuma waɗanda suka ƙera ta sun ajiye maka hanyar yin sa a ƙarƙashin babban yatsanka. Duba jikin sandar giya, akwai ɗan maɓalli. In ka danna shi, O/D OFF za ta kama a allo, ka hana ta giya ta huɗu ke nan, iyakarta ta uku. Akwai wani mai rubutun ECT PWR, wanda ƴarka ƙarama ke wasa da shi kana ce mata ta bari kada ta ɓata rediyo. Shi kuma yana sa kwamfuta ta jinkirta hawa giya, ta bar inji ya ɗaga murya kafin ta canza, ta kuma yi saurin saukowa in ka taka. Ƙasan D akwai 2, ƙasanta L, kuma ba don ado aka rubuta su ba. In hawa ya yi tsanani har ta uku ta fara nishi, sai ka ja sanda zuwa 2 da hannunka tun gudu bai mutu ba, ka riƙe ta nan, inji yana juyi a sake, famfon ruwa da famfon mai da fanka duk suna aiki da ƙarfinsu, ka hau sannu a hankali ko da masu babur na wuce ka. Tun a gindin tudu ake yanke wannan shawara. Amurkawa, waɗanda jan tirela ya zame musu jiki, sun tattara irin wannan cikin maɓalli guda mai suna Tow/Haul, wanda General Motors ta sa wa manyan motocinta a-kori-kura tun 1999. Abin da kake yawon nema a sayar maka da tsada a garejin Tawa, fiye da rabinsa kyauta ka taho da shi daga Lome.

Ga kuma gajerar sandar nan ta biyu da ka mayar maratayar carbi. Ita ce ta ƙaramar giya, tana ninka ƙarfi kusan sau biyu da rabi. Ana tsayawa cik, a sa babbar sanda a N, sannan a ja ta. Ba ta gudu a kwalta ba ce, ta yashi ce da dutse. Rairayin da ke tsakanin bakin babbar hanya da ƙofar gidanka a Tebaram ya fi tudun Badagishiri cin man giya in akwai kaya, don a can gudu babu, iska ba ta bugun lagireto, farantin tukunya ba ya samun damar kullewa, inji na ta dama mai kawai. Ka sa ƙaramar giya, ka rage wa tayoyi iska, ka wuce ba tare da an tara maka yaran unguwa ba. Wata ɗabi'ar kuma da na gan ka da ita da idona: in an tsayar da kai a kan gangare sai ka riƙe mota da totur maimakon birki, wai kada ta koma baya. Duk daƙiƙar da ka yi a haka dafa man kake.

Mu koma ga malamanka uku na gareji.

Mai jan waya bai yi ƙarya ba cewa akwai waya. Tana nan, daga totur ta gangara zuwa bwat. A motocin da, ita ce ke faɗa wa giya lokacin canji. A taka kwamfuta ta karɓe wannan aiki, abin da ya rage wa wayar shi ne ƙarfin matsin mai, wato yadda farantai ke damƙar juna. In ya ja ta da yawa, kowane canji da duka zai zo har haƙoranka su haɗu. In ya sassauta ta, canji ya yi laushi, ka ji daɗi ka ƙara masa goro, alhali farantai na zamewa suna cin kansu a ɓoye. Akwai alamar da aka ɗaura mata tun daga masana'anta. Bakanike na kirki zai duba ko tana kan alamar, ya mayar da ita in ta goce, ya wanke hannunsa.

Mai kwamfuta shi ma yana da ƴar gaskiyarsa. Motocin yanzu ana sake musu lissafin canjin giya, kuma a Ostareliya, inda ake jan manyan tireloli cikin zafi irin namu, sana'a ce sosai. Har maɓalli suke ƙarawa wanda ke tilasta wa farantin tukunya ya kulle a ƙananan giyoyi don mai ya huta. Amma masu yin haka suna da ma'aunin zafi a gabansu, kuma suna kallon sa. Mutumin da fitila ta kama ya ce ta saba, in aka ba shi irin wannan maɓalli zai manta shi a kulle, ya zo shingen jandarma ya taka birki inji ya mutu a gaban jama'a. Balle ma har yau ba a ƙera kwamfutar da ke rage nauyin buhun siminti ba.

Na ukun ne ya fi ba ni dariya, don bai san ka ba. Bai san abin da ya sa ka tsallake duk motocin da ke filin Lome ka zaɓi marar kuloci ba. Mu mun sani. Mun tuna lokacin da aka kai ka koyon tuƙi wurin wani mai a-kori-kura a tasha, kullum ka tada ta sai ta yi tsalle ta mutu, har maigidan ya haɗa ka da Allah ya ce ka je ka gwada tallar agogo a bakin teku. In aka ba ka kuloci da tan biyar a tsakiyar tudu, warin da za a ji sai ya fi na ranar nan. Mutanen Abalak da Cintabaradan da kake gani da Land Cruiser 79 mai giyar hannu, ƙafarsu ta hagu ta yi karatu. Ita ma 79 ɗin, a 2023 Toyota ta fito da ita da giya shida masu canza kansu, don haka bar cewa irin motarka ba ta aikin ƙarfi ba ce.

In dai kuɗin ne ke maka ƙaiƙayi, ga inda za ka kai su. A zubar da man nan da ya dahu, a kwance kaskon ƙasan bwat a wanke, a duba abin da maganaɗisun ciki ya tara. In baƙin gari ne mai laushi, da sauƙi; in ɓarɓashin ƙarfe ne, to ka fara sa bwat cikin addu'a. A zuba irin man da aka rubuta a jikin sandar awo, kada ka saurari yaron shagon da zai ce maka duk ɗaya ne. A sa mata ƙaramin lagireto na man giya shi kaɗai a gaba inda iska ke bugu. A ƙasa irin tamu babu gyaran da ya kai wannan amfani, kuma bai kai kuɗin shaddar da ka tsaya da ita a rana ba. A sa ma'aunin zafin mai, mai allura, tunda fitila sai abu ya kusa ɓaci take magana. A hure babban lagireto, ƙura da ƙaiƙayi da ƙarangiya sun toshe shi. Sannan ka koyi sammako. Iskar asuba da ta azahar a Adar ba ɗaya ba ne. Na san tashin asuba ba a jininka yake ba, amma gwada.

Abin da ya hana ni barin maganar nan a zauren gida shi ne, na ji ka ce in gini ya ƙare za ka fara jido albasa daga Tamaske da Keita zuwa Tawa da rimok ɗin nan. Nan kam ajiye dariya ka saurare ni. Ka san hanyar, ka san yadda take faɗowa daga kan dutse zuwa kwari. Hawa in ya gagara, mota ce ke mutuwa; gangara in ta gagara, mutane ne. A Turai inda motar ta fito, rimok marar birki ba a yarda ta wuce kilo 750 ba, ita da kayanta, kai kuwa ka ninka wannan sau uku. Buhun albasa irin cikon Adar, mai hula, ya haura kilo 100, biyar kawai da ƙarfen rimok sun kai ka iyaka. In ka bar sanda a D a gangara, giya hawa take yi, inji ya saki, nauyin duka ya koma kan birkin da aka auna don mota ita kaɗai. Birki ya yi zafi, mansa ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa. Rimok kuma ba ta san ka taka birki ba, turo ka take, in ta samu kwana sai ta karkato gindin motar. Giyar da aka hau tudu da ita, da ita ake sauka, 2 ko L, tun daga sama kafin gudu ya taru, birki kuma a taka a saki, ba a kwanciya a kansa. Kaya su ɗan rinjaya gaban tayar rimok, in sun taru a baya kaɗa wutsiya za ta riƙa yi. A sa mata birkin kanta, a sa fitila, a sa sarƙa ban da ƙugiya. Duwatsun da matan Keita suka jera a jikin tsaunukan nan, tun aikin Furoje Keita da Italiya ta ɗauki nauyi daga 1984, don tare ruwa aka jera su, ba don tare Prado ba. A hanyar akwai mata masu itace, da yara masu kiwo, da amalanke, kuma ba wanda ya ci maka bashi a cikinsu.

Na san za ka kai ƙarata wurin Gwaggo ka ce na tona maka asiri a jarida. Kai mana, ita ce ta fara cewa a yi maka magana. In ka ga dama ka wuce har UNESCO, wadda tun 2014 ta sa wasan taubasai na Nijar cikin al'adun da duniya ke tattali, su ma haƙuri za su ba ka. Kuɗin shararka na bana kuwa ba zan damƙa maka a hannu ba, na ga yadda kake yi da kuɗi. Na riga na ba wani bakanike a Tawa, ya ajiye maka ƙaramin lagireton da man giya. Ka kai masa motar ranar Asabar da sassafe, ba rimok. Sauran simintin da ginin ke bukata kuwa, ka kira mai kamiyo ka biya shi.